Mai Layin Ya Zo da Kansa

"Mai layin ya zo da kansa," in ji yarinyar da ke bayan gilashin, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na ce, "Ya rasu."

"To ai sai da shi. Sunansa ne a kwamfuta, hotonsa ne, yatsansa ne. Na gaba!"

Ban matsa ko'ina ba. Tun ƙarfe bakwai na safe muke ƙofar ofishin kamfanin wayar nan, ni da Inna, ga shi har an kira azahar. Sai da rana ta gama gasa mu a waje sannan mai gadi ya ga damar barinmu mu shiga inda ake shan sanyi. Inna na zaune kan kujerar roba a bayana, ta ƙanƙame wayarta da hannu biyu a cikin mayafi. Na dafa kantar, na sunkuya daidai 'yar tagar da ake magana, na ce, "Baiwar Allah, ina jin ba ki ji ni ba. Malam Salihu shekararsa shida kwance a maƙabartar Ɗan Takum. In kina da hali ki taso mu je ki tono shi, ni zan biya mana napep."

Masu jira suka kwashe da dariya, wani dattijo ya ce subhanallahi. Sai a lokacin ta ɗago ta kalle ni sheƙeƙe, tun daga ɗankwali har ƙasa.

Inna ta ja gefen hijabina. "Ramla, ki bar ɗiyar mutane. Aikinta take yi."

"Aikin me, Inna? Aikin hana uwa jin muryar ɗanta?"

Yarinyar ta yi tsaki, ta yago takarda, ta rubuta abubuwa uku ta turo mini ta ƙasan gilashin. Takardar shaidar mutuwar mai layin. Rantsuwar kotu. Sai magaji ya zo da lambarsa ta ɗan ƙasa, a ga alaƙarsa da mamacin. Na miƙa mata katina, na ce ni 'yarsa ce ta cikinsa. Ta duba ta dawo mini da shi. Wai Ramla Nasiru aka rubuta, ba Ramla Salihu ba. Wanda ya yi mini rajista sunan mijina ya tambaye ni, shi na ba shi, ina zan san wata rana za a ce in kawo hujjar cewa ubana ne ya haife ni?

"Sai dai matarsa," ta ce. "Tana da lamba?"

Inna ba ta da lamba. Inna ba ta taɓa mallakar takardar da ke ɗauke da sunanta ba a duniya. Muka fito titi, ta ɗaga wayar ta kara a kunne ko ta yi ƙara ba ta ji ba saboda hayaniyar motoci, sannan ta mayar cikin mayafi.

* * *

Bari in faɗi yadda aka yi layin mace ya zama na mamaci. Lokacin da aka ce kowa ya je ya yi wa layinsa rajista, Babanmu cewa ya yi matarsa ba za ta je ta cuɗanya da maza a bakin kasuwa, a ɗauki hotonta ba. Ya karɓi wayar ya tafi, ya miƙa fuskarsa da yatsansa, ya dawo mata da ita. Haka rabin mazan Ƙofar Sauri suka yi, ba wanda ya ga aibu. Masu rajistar ma da ke ƙarƙashin lema ba su ce kanzil ba, su dai a cika musu lissafin ranar su tashi.

Bayan rasuwar Baba gidan ya koma daga Inna sai ƙanena Muttaka. Ni ina ɗakina a Ƙofar Durɓi, ina taɓa ɗinki. Inna wankau take yi tun muna yara, kayan ma'aikata da na 'yan makaranta. Muttaka kuwa direba ne, yana jan motar wani Alhaji tsakanin Katsina da Jibiya. Da hanyar ta lalace, yau a tare, gobe a kwashi fasinja a shiga daji da su, mutane suka rage tafiya, Alhajin ya sayar da motarsa ya huta. Muttaka ya zauna wata takwas ba aiki.

Ni ce na kore shi, ba zan ɓoye ba. Na zo gidan wata rana da hantsi na tarar Inna na durƙushe gaban baho, bayanta ya ƙage, shi kuma yana zaune a inuwa yana cin ɗumame. Zuciya ta zo mini wuya. Bakina ba ya da linzami, kowa ya sani, amma ranar na wuce gona da iri. Na ce ƙato da shi, gemu har ƙirji, bai ji kunyar cin tuwon wankau ba? Na ce da haihuwar irinsa gara ɓari. Ya ajiye kwanon, ya wanke hannu. Kwana tara bayan haka ya bi wasu samari zuwa ramukan zinariya da ke can bayan Agadas, ko sallama bai zo ya yi mini ba.

Shekara huɗu ke nan. Yana kira bayan wata biyu, wani lokacin uku, kullum da baƙuwar lamba, ta aro ko ta shagon da ake biya a yi kira. In ka bi lambar ba za ka same shi ba. Shi ke nemanmu, mu ba mu da hanyar nemansa. Lamba ɗaya ya haddace a duniya, ta Inna. Tawa ta canza tun da aka fizge mini waya a bakin Babbar Kasuwa, kuma bai taɓa tambayar sabuwar ba. Iyakar rabona a hirarsu shi ne, "A gaida Ramla."

A kiransa na ƙarshe ya ce sun tsallaka Aljeriya, ana kame, an ƙwace masa jaka da duk abin da ke ciki. Ya ce, "Inna, don Allah kada ki rabu da layin nan. In ya ɓata, na ɓata."

Daga ranar Inna ta kafa doka. Ba mai kiranta ta wannan waya, ita ma ba ta kiran kowa, kada Muttaka ya samu minti biyunsa da ƙyar ya tarar ana magana. Masu kawo wanki su aiko, 'yan'uwa su tako da ƙafa. Ba mai taɓa wayar, kada a danna wani abu ta lalace. Ta ɗinka mata 'yar jaka ta rataya a wuya. In unguwa ta kwana uku ba wuta, abin da ba baƙo ba ne, sai ta tafi shagon cajin Malam Sagiru ta zauna kan benci kusa da wayar har ta cika. Ni da kaina na taya ta tsare dokar nan. Ni na riƙa yi wa dangi faɗa in sun ce za su kira ta.

Abin takaici, ƙarfen sabis ɗin kamfanin a bayan katangarmu yake. Tsayinsa ya fi hasumiyar masallacin unguwa, janaretansa ba ya hutawa, hayaƙinsa na sauka kan fararen kayan da Inna ta shanya sai ta sake ɗauraya. Mu muke shaƙar hayaƙin, mu muke kwana da ƙugin. Inna kuwa har son ƙarfen take yi. Takan ce ta nan muryar ɗanta ke saukowa.

* * *

Wata biyar suka wuce ba kira. Inna ta rame, ta daina cin abincin kirki, ta ƙara yawan azumin Litinin da Alhamis. Kowa da abin da yake raya wa a ransa, ba mai iya furtawa.

Wata Juma'a ina zaune kusa da ita tana ninke kaya, wani abu ya ce mini in gwada. Na zaro wayata a ɓoye na danna lambarta. Ina kallon jakar da ke wuyanta. Shiru. Sai muryar mace ta Turanci a kunnena, wai ba za a iya samun wannan lamba ba. Na sake, na sake.

"Inna, ba ni wayar nan."

"Ki yi mi da ita?"

"Ba ni dai!"

Na kusa fizgewa kafin ta saki. Ga sandunan sabis nan a fuskar wayar, cif, kamar lafiya lau. Na shiga akwatin saƙo. Saƙonni sun fi talatin, ba wanda aka buɗe. Tallar waƙa, tallar caca, tallar garaɓasa, a tsakaninsu kuma gargaɗi, duk da Turanci: a haɗa layi da lambar ɗan ƙasa kafin ranar kaza, in ba haka ba a rufe. Ranar kazan ta wuce da wata huɗu.

Wata huɗu! Wata huɗu tsohuwar nan tana rataye da gawa a wuya, tana kai ta caji, tana tashi firgigit in ƙarfe ya faɗi a maƙwabta. Da ana kiranta ko sau ɗaya a mako, da ranar da aka rufe za a gane. Dokar da muka kafa don kada ya kira ya rasa ta, ita ta rufe mana ido. Amma ku gaya mini, kamfanin da ya iya kiran tsohuwa da rana tsaka ya sa mata waƙar talla da Hausa tsantsa, shi ne bai iya gaya mata da Hausa cewa zai yanke ta da ɗanta ba?

Da na yi mata bayani ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ashe shina kira." Har fuskarta ta ɗan saki. Washegari muka tafi ofishin nan da aka ce mai layin ya zo da kansa.

* * *

Takardar mutuwa ita ce ta farko. Baba a ɗakinsa ya cika bayan asuba, kafin azahar an kai shi, kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi. Wa ya tsaya neman takarda? Aka ce sai mai unguwa ya rubuta shaida. Mai unguwa ya tafi Umara. Da ya dawo ya rubuta, aka ce ba hatimi. Aka buga hatimi, aka ce a kai wani ofishi a sakatariya, can kuma mai sa hannu yana taro, gobe yana ta'aziyya, jibi takardun sun ƙare. Kullum sai mu tsallaka gari a napep, mu zagaya ta lunguna saboda an datse babban titi ana aiki, Inna na riƙe da ƙarfen kujera, kowane rami sai ta ce wash. Wata biyu wannan ta ci. Rantsuwar kotu ta ci mako uku.

Sai lambar ɗan ƙasa. A nan ne na ga abin da har in mutu ba zan manta ba.

Wurin rajistar wani shago ne, mutum ya fi ɗari a ƙofarsa, yawanci tsofaffi da mutanen ƙauye da suka baro garuruwansu tun duku-duku saboda can ba inda ake yi. Zuwanmu na farko ba sabis. A garin da ƙarafan sabis suka fi itatuwa yawa, wai ba sabis. Na biyu ba man janareta. A na huɗu muka kai gaban na'urar. Ma'aikacin ya kama hannun Inna ya ɗora yatsunta kan ɗan gilashi mai koren haske. Ya danna, ya goge gilashin, ya sake dannawa. Ya juya tafin hannun ya duba, ya ce, "Mama, ai ba ki da yatsu."

Na ce, "Waɗannan biyar ɗin da ka riƙe fa, rake ne?"

"Hajiya, ba faɗa ba ne. Zanen ya goge. Na'ura ba ta ganin komai."

Na kama hannun na duba, karo na farko a rayuwata da na dube shi da kyau. Kan yatsun sumul, sun yi fari, sun tsattsage a gefe. Shekara talatin na sabulun soda da ruwan rijiya. Hannun da ya ciyar da mu, ya biya mini makaranta har na iya karanta Turancin da aka yanke mata hukunci da shi, shi ne ƙasar nan ta ce ba ta gani. Na fita waje na yi kuka, kukan baƙin ciki, ba na tausayi ba.

Ya ce ta daina wanki wata guda, ta riƙa shafa man kaɗanya, wataƙila zanen ya dawo. Inna ta sallami masu kawo mata kaya, wasunsu tun ina yarinya take musu wanki, suka koma wajen wasu. Ta zauna a tsakar gida da hannuwa a cinya, sun sha mai suna ƙyalli, ba ta taɓa ko tsintsiya. Ni nake zuwa in dafa in share. Kullum sai ta miƙo mini su ta ce, "Duba mani, sun tsiro?"

Bayan mako shida yatsu uku suka kama. Aka ce a jira lamba ta fito. Ta fito bayan wata biyu da kwanaki.

* * *

Ranar da muka koma ofishin kamfanin Inna ta sa atamfarta ta Sallah. Na jera takardun a kan kanta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai baje kolin kaya. Wata yarinyar ce daban, mai fara'a, har da "Sannu Mama." Ta karɓi lambar ta shigar. Ta sake shigarwa. Ta tashi ta kira wani babbansu mai laktaye a wuya, suka duba tare.

Shi ya yi magana. "Hajiya, wannan layin ai ya fita."

"Ya fita ina?"

"An sake shi kasuwa. Ƙa'ida ce. Duk layin da ya daɗe ba kira, ba karɓa, ba a sa masa kati, ana ɗauka mai shi ya bar shi. Wani ya saya, ya yi rajista da sunansa wata guda da ya wuce."

Na ce, "Ku kuka rufe shi! Ta yaya za a kira layin da kuka rufe?"

"Ai tun kafin a rufe ma ba a amfani da shi sosai. Ga shi nan a rubuce."

"Na zo nan wata bakwai da suka wuce! Na tsaya a daidai nan! Me ya hana ku rubuta cewa masu shi na nan suna nema?"

"Ba mu da wurin rubuta wannan a kwamfuta," ya ce. "Amma za mu iya ba Mama sabon layi yanzu-yanzu, kyauta, har da garaɓasa."

Ban san lokacin da na watsa masa takardun a ƙirji ba. Na ce Allah ya isa, na faɗa da ƙarfi yadda na bakin titi zai ji. Na ce kun iya kafa ƙarfe a kan talaka, kun iya shaƙe shi da hayaƙi, amma ba ku da wurin rubuta cewa shi mutum ne. Mai gadi ya taso. Inna kuwa ta durƙusa tana tsince takardun ɗaya-ɗaya, tana kaɗe musu ƙura da yatsun nan da ta yi mako shida tana jinya. Kunnenta ya fara nauyi, ba ta ji abin da mutumin ya ce ba, hayaniyata kawai ta ji.

A napep ta tambaye ni, "Sun ce mi?"

Na ce, "Sun ce da saura."

* * *

Na sauke ta a gida na wuce shagon ɗinkina. Na rufo ƙofa, na zauna gaban keken ɗinki, na danna lambar da na sani tun ina budurwa. Ta shiga. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi da na ji tana ƙara.

"Salamu alaikum," in ji muryar wani magidanci, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

Na gaishe shi, na tambayi iyali da kasuwa, na daure na bi gaisuwar har ƙarshe. Sunansa Malam Haruna, taki da iri yake sayarwa a Funtuwa. Na ce masa layin da ke hannunsa na mahaifiyata ne, na fara ba shi labari. Ban kai rabi ba ya katse ni.

"Tsaya, Hajiya. Kika ce mahaifiyarki? Tana raye?"

"Yanzu na rabu da ita."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita sau uku. Na ji hayaniyar na raguwa, alamar ya shige cikin shago. "Hajiya, akwai wani bawan Allah da ya yi ta kira da lambar ƙasar waje."

Na miƙe tsaye. "Muttaka! Yana raye! Me ya ce? Yaushe?"

"Kwana biyu da sayen layin ya fara. Ina ɗauka ya ce, Inna. Na ce ba nan ba ne, na kashe, na zaci 'yan damfara ne. Bayan kwana uku ya sake kira. Ya karanto mini lambar tiryan-tiryan, ya ce shekara guda yana kira ba ta shiga, yau ta shiga kuma a ce ba nan ba ne? Ya ce in taimaka in kai mata wayar. Wai abokan tafiyarsa za su wuce gaba, bakin teku, shi kuma zuciyarsa na gida. Yana so ya ji muryarta kafin ya san motar da zai hau."

"Sai ka ce masa me?"

"Na ce ya ba ni kwana biyu in bincika. Wallahi tausayi ya ba ni. Na koma wajen wanda ya sayar mini da layin a tasha, na tambaye shi na wane ne a da. Ya ce shi ina zai sani, amma irin waɗannan tsofaffin lambobin duk na mamata ne, in mutum ya mutu layinsa ya shekara shiru sai kamfani ya dawo da shi. Haka ya ce mini, Hajiya. Ni kuma na yarda, don wa zai saki layin da ɗansa ke kira in yana numfashi?"

Na koma na zauna.

"Da ya kira na uku," ya ce, "na yi masa ta'aziyya."

Na yi masa ihu. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma na san na ce wa ya aike shi, na ce ya kashe mini uwa da baki tana zaune da ranta. Bai rama ba. Ya bari na gama, ya ce, "Na ɗauka alheri nake yi. Na ga kada a bar yaro yana ta kiran kabari." Sai na ji kunya ta kama ni, don a duk mutanen da na gamu da su cikin wata bakwai, shi kaɗai ne ya taka ƙafarsa ya je ya tambayo wani abu saboda mu.

Na ce, "Da ka gaya masa, me ya ce?"

"Ina jin numfashinsa. Sai na ce, ba ka da wani ɗan'uwa a Katsina da zan nemo maka? Ka faɗi unguwa, ni zan sa a je."

"Sai ya ce me? Faɗa mini."

"Ya ce, a'a, bar shi kawai, na gode. Ya kashe. Yau kwana goma sha tara, bai sake kira ba."

Ya karanto mini lambar da aka kira shi da ita. Na kira nan take. Wani Balarabe ya ɗauka, muka yi ta yi ba mai fahimtar wani, har ya miƙa wa wani mutumin Damagaram da ke aiki kusa. Ya ce nan shago ne, mutum ɗari ke kira a rana, ba a rubuta suna. Na kwatanta masa Muttaka, dogo, da tabo a gira. Ya ce 'yar'uwa, duk dogaye ne, duk da tabo. Ya ce motocin arewa, masu zuwa bakin teku, dai sun tashi tun makon jiya, na kudu kuma ba su cika ba har yanzu, don masu komawa gida ba su da yawa.

Malam Haruna ya sake kirana da kansa. Ya ce in muna so gobe zai hau mota ya kawo mana layin har Katsina, a mayar da shi sunan Inna. Na ce Allah ya saka masa. Ban ce ya kawo ba, ban ce ya bari ba. Layin da aka riga aka yi wa mai shi ta'aziyya, wa zai sake kiransa?

* * *

Da la'asar na koma Ƙofar Sauri. Tun daga bakin lungu nake jin ƙugin janaretan. Na tarar Inna ta cire atamfar Sallah, ta jawo baho, ta zuba ruwa. Tunda na'ura ta gama da yatsunta, ta ce, bari ta koma bakin aikinta kafin sauran masu kawo wankin su manta da ita. Hannun ya yi laushi, sabulun har ya fara cin gefen farcenta.

Na tsaya a bakin zaure ina kallonta. A wani gari da ban san sunansa ba, ko a bayan wata mota cikin rairayi, ɗanta na yi mata addu'ar da ake yi wa matattu. An tambaye shi ko yana da kowa, ya tuna da ni sarai, ya ce a bar shi kawai. Na buɗe baki in gaya mata, na rufe. Na sake buɗewa.

"Ramla, kin tsaya kamar baƙuwa," ta ce. Ta goge hannu a zani, ta ciro jakar daga wuya ta miƙo mini. "Idona ba shi gani sosai. Duba mani, da sauran caji?"

Na zaro wayar. Gefenta ya koɗe saboda riƙo.

"Ya cika, Inna."

"Madalla." Ta karɓa ta mayar cikin jakar, ta ja zaren ta ɗaure, ta tura cikin riga. "In sun buɗe, ki gaya ma dangi dokar na nan. Kada wanda ya kira ni ta nan, kada yaron nan shi samu dama shi iske ana magana."

Ta sunkuya ta ci gaba da cuɗa farar rigar wani, hayaƙin na sauka kan waɗanda ta riga ta shanya.